Galiyom a cikin ɗigo guda: kundin aikin haɗa sinadarin hoton PET a kan allon silikon

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau aka ba ni makullin akwatin dalma na biyu a ɗakin gwajinmu da ke arewacin Ingila, don haka daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya. Ƙaramar na'ura nake ginawa, wadda za ta haɗa sinadarin da ake yi wa majiyyaci allurarsa kafin a ɗauke shi hoton PET. A asibiti ana yin haɗin ne a kwalba mai mililita biyar ko fiye. Ni so nake duk aikin ya gudana a cikin ɗigo guda mai maikurolita 10 zuwa 20 (maikurolita dubu ne mililita ɗaya), a kan ɗan allon silikon da faɗinsa bai kai santimita uku ba.

Sinadarin da na zaɓa shi ne PSMA-11 mai ɗauke da galiyom-68, wanda ake neman sankarar furostet, gaɓar da ke ƙasan mafitsara, da shi a jikin maza. PSMA-11 yana bin jini ya je ya manne wa ƙwayoyin sankarar. Galiyom ɗin da ke maƙale da shi yana fitar da fositiron, da zarar fositiron ya yi karo da ilektiron sai su rikiɗe su zama tartsatsin gama guda biyu masu ƙarfin keV 511, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Su ne na'urar PET ke kamawa ta zana inda cutar ta ɓuya. Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da wannan sinadari a Disamba 2020.

Galiyom-68 ba ya jira. Duk minti 68 ƙarfinsa yana raguwa da rabi, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowane minti. Amma yana da falalar da fulorin-18, wanda aka fi amfani da shi a hoton PET, ba shi da ita: ba sai akwai saikulotiron, babban injin da ke samar da irin waɗannan sinadarai masu radiyeshin, a kusa ba. Daga janareta ake tatsarsa. Janaretan nan ba na wuta ba ne, tukunyar dalma ce mai nauyi, a cikinta akwai ɗan bututu da aka manna wa jamaniyom-68, wanda shi sai ya yi kwana 271 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Yana ruɓewa yana haifar da galiyom, kai kuma ka tura masa mililita biyar na asid ɗin HCl mai rauni ka wanko abin da ya taru. Bayan awa huɗu ya sake cika da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Namu tsoho ne. Wani asibiti ya gama amfani da shi, wa'adinsa na aiki a kan mutane ya ƙare, aka ba mu don bincike. Yana sabo ƙarfinsa MBq 1850 ne (MBq ma'aunin ƙarfin radiyeshin ne). Yanzu ya haura wata goma sha uku.

Ba ni na fara tunanin ƙanƙanta wannan aiki ba. Tun 2005 masu bincike a Caltech da UCLA suka haɗa FDG, sukarin da aka fi ɗaukar hoton PET da shi, a cikin siraran hanyoyin da suka sassaƙa a jikin robar PDMS. Robar ta ba da wahala: tana shanye fulorin, tana kumbura idan wasu sinadarai suka taɓa ta. Daga baya ɗakin binciken Michael van Dam a UCLA ya koma buɗaɗɗen ɗigo a kan silikon da aka shafe da Teflon, aka bar ɗan da'ira a tsakiya inda ruwa ke zama. Siffar allonsu na ara, sai dai su fulorin-18 suka fi aiki da shi.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: hitar yumɓu da na'urar daidaita zafinta wajen fam 230, fayafayan silikon fam 380, ƙaramar kwalbar ruwan Teflon fam 700 da ɗoriya, miligiram ɗaya na PSMA-11 na bincike fam 500. Famfon sirinji aro ne daga ɗakin da ke maƙwabtaka da mu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Gwajin zafi da ruwa zalla, babu radiyeshin. Na sa hita a digiri 95, na ɗiga maikurolita 10 a kan guntun silikon. Bai cika minti biyu ba ya ƙafe ƙaf. Kuma yayin da yake ƙafewa, siririyar wayar auna zafi da na tsoma a cikinsa tana nuna ƙasa da abin da hitar ke faɗa da digiri goma ko fiye, saboda tururin yana tafiya da zafin. Ke nan lambar da ke kan hita ba ita ce zafin haɗin ba. Na sa mai walda da yanka na sashenmu ya sassaƙa mini ɗan murfi na Teflon da zai zauna milimita biyu a saman ɗigon. Da shi ɗigon yana kai minti huɗu.

Talata, 21 ga Janairu

Wuni guda a ɗakin da ba a yarda ƙura ta shiga ba. An shafa Teflon, an gasa, an ƙwaƙule da'ira mai faɗin milimita 4 a tsakiyar kowane allo. Faifai ɗaya ya ba da alluna tara masu kyau, uku shafinsu ya yi kumfa an jefar. Hayar ɗakin fam 45 ce kowace awa.

Juma'a, 24 ga Janairu

Jami'ar kula da kariya daga radiyeshin ta sa hannu a takardata, ta ba ni zoben auna radiyeshin da zan riƙa sawa a ƙarƙashin safar hannu. Mun tatsi janareta sau biyu. Ta farko an ajiye ta gefe ta mutu, domin janaretan ya daɗe ba a taɓa shi ba. Ta biyu ta ba da MBq 408. Na karɓi ruwan rabin mililita rabin mililita a ƙananan kwalabe na auna kowace: kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙarfin yana fitowa ne a mililita biyun tsakiya.

Laraba, 29 ga Janairu

Haɗin farko da radiyeshin. Na ɗebi maikurolita 10 daga kwalbar da ta fi ƙarfi, na ɗiga a kan allo, na ƙara ruwan asitet mai daidaita tsami wanda ke ɗauke da maikurogiram ɗaya na PSMA-11, na rufe, na dafa minti biyu. Takardar TLC, wadda ke raba galiyom ɗin da ya kama da wanda bai kama ba, ta nuna kashi 97 cikin ɗari na galiyom ya kama. Na'urar HPLC, mai rarrabe sinadarai ta zana kowanne a matsayin ƙololuwa, ta tabbatar, da ƙololuwa babba da wata ƙarama a gefenta. Ƙaramar ba datti ba ce. Hannun da PSMA-11 ke riƙe galiyom da shi yana iya naɗewa ta fuska fiye da ɗaya, kuma zafi yana tura mafi yawansa zuwa fuska guda. Da na maimaita ba dafuwa, ƙaramar ƙololuwar ta ƙara tsawo.

Dalilin da ya sa ɗigo ke aiki da sauri haka ba boyayye ba ne. Kwalbar haɗi ta asibiti tana ɗauke da maikurogiram 25 a cikin mililita biyar ko shida. Ni maikurogiram ɗaya na sa, amma a cikin maikurolita 20, don haka kaurinsa ya ninka nasu fiye da sau goma. Kowane ƙwayar galiyom tana juyawa ta iske mai kama ta a kusa.

Na ji daɗi ƙwarai, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke cikin ɗigon nan bai kai MBq biyu ba. Majiyyaci guda yana bukatar tsakanin 111 da 259. Sauran ƙarfin yana can a baje cikin mililita biyu na asid, kuma mililita biyu ya ninka ɗigona sau ɗari. Ainihin aikin shi ne yadda zan tattaro galiyom ɗin nan duka in cusa shi a ɗigo ɗaya kafin ya mutu a hannuna.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na cusa miligiram biyar na rezin mai kama ƙarafa a cikin siririn bututun roba mai tauri, na toshe bakinsa biyu da mataci. Idan aka tura ruwan janareta ta ciki, galiyom yana maƙalewa, asid ɗin ya wuce. Wannan ɓangaren ya tafi daidai: fiye da kashi 95 cikin ɗari ya kama. Sai dai bututun yana turjiya, ba ya karɓar fiye da mililita ɗaya a minti. Shi ya sa na yanke shawarar ɗaukar mililita biyun tsakiya kawai, in bar sauran.

Wajen sakko da galiyom daga rezin na fara da hanyar da asibitoci da yawa ke bi, wato ruwan gishiri mai kauri sosai, mola 5, da ɗan asid. Maikurolita 60 ya sakko da kusan komai. Na ɗora shi a kan allo kashi uku, ina ƙafar da kowane kashi kafin in ƙara na gaba.

Tun kashi na farko gefen ɗigon ya fara fari. Kafin na uku ya ƙafe, wani tsibin gishiri ya tashi a kan da'irar, ya tsallaka iyakarta ya hau kan Teflon, yana tsatsagewa yana tartsatsi ƙanana da zafin hita. Lissafi ya nuna miligiram 17 na gishiri ne a wurin da faɗinsa milimita huɗu ne kacal. Maikurolita 15 na asitet da na ɗiga a kai ya nutse cikin tsibin bai narkar da ko rabinsa ba. Da na goge cikin murfin da auduga na auna, shi ma ya ɗauki radiyeshin daga tartsatsin. A kwalbar asibiti gishirin nan ba ya damun kowa, domin akwai mililitoci na ruwa da zai narke a ciki. A ɗigo ba shi da wurin zuwa. Na bar wannan hanya.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Wankin akwati, cusa sababbin bututan rezin, odar itanol da asid mai tsabta ta musamman wanda aka tace ƙarafa daga cikinsa. Rabin lita fam 160.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na koma hanyar da masu binciken Jami'ar Mainz ta Jamus suka fito da ita. Tun 2007 suka nuna ana iya wanke rezin da asiton mai ɗan asid a kore zink da jamaniyom da sauran ƙarafa, sannan a sakko da galiyom da asiton mai kauri. A 2014 suka maye gurbin asiton da itanol. Itanol ɗin na ɗauka: wanki da kashi 80 cikin ɗari, sakkowa da kashi 90 da asid mai mola 0.9. Yana ƙafewa da wuri a digiri 80, kuma ba ya barin komai a baya.

An gudu ba a tsira ba. Haɗin ya kama da kyau, amma da na tsotse ɗigon na auna, MBq 130 kawai na samu, alhali fiye da 210 na ɗora. Na ɗauki allon da hantsaki na jefa a ma'auni: sauran yana jikinsa. Na wanke da ruwa, na wanke da ruwan gishiri, bai saki ba.

Abokiyar aikina tana da akwatin duhu mai kyamara da ke kama hasken Cerenkof, shuɗin hasken da ke fita idan ƙwayar fositiron ta fi haske gudu a cikin ruwa ko gilashi. Fositiron na galiyom-68 mai ƙarfi ne, yana kai MeV 1.9, saboda haka yana haskawa sosai. Muka rufe allon da siririn gilashi muka ɗauki hoton minti biyu. Abin da ya fito a kwamfuta zobe ne siriri mai haske a daidai bakin da'irar, tsakiyarsa kusan duhu, kamar zoben da ɗigon shayi ke bari a tebur idan ya bushe.

Hoton nan ya faɗi komai. Ɗigo daga gefe yake fara bushewa, ruwan tsakiya yana kwarara gefen yana kai galiyom can. Idan asid ya gama tashi, galiyom ba ya zama shi kaɗai, sai ya kama fatar silikon ɗin ya manne. Bushewa ƙaf ita ce matsalar.

Talata, 18 ga Fabrairu

Kwanakin nan duka a kan neman lokacin tsayawa suka tafi. Yanzu ina kashe zafi idan ɗigon ya rage kamar maikurolita biyar, in zuba asitet mai kauri da PSMA-11 a tare nan take, yadda galiyom zai sami mai kama shi kafin ya sami bango. Abin da ke saura a allo ya sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari.

Kuɗin wannan gyara shi ne tsami. Tunda ban bar asid ya gama tashi ba, yawan da ke saura yana bambanta daga haɗi zuwa haɗi. Ana son pH, wato ma'aunin tsami, ya tsaya tsakanin 4 da 4.5. Idan ya faɗi ƙasa sosai haɗin ya yi nawa, idan ya haura 5 galiyom ya dunƙule ya zama ƙullun da ba ya narkewa, wanda a jikin mutum hanta da saifa zai tafi, ba wurin sankara ba. Auna pH a ɗigo irin wannan sai da dabara: rabin maikurolita nake ɗiba in taɓa a takardar auna tsami, in kalli launin ta tagar gilashin dalma da tabarau mai ƙara girma. Ban gamsu da wannan ba tukuna, amma haɗin kwanakin nan duk sun haura kashi 95.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na kira malamina na Zariya, wanda ya koya mini kimiyyar nukiliya tun ina ajin farko, na ba shi labarin inda aka kwana. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To yarona, na ji. Amma ai akwai kwalaben haɗi da aka riga aka shirya, ka zuba ruwan janareta ka girgiza ka jira minti biyar. Me allonka zai ƙara?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, an amince da irinsu a Amurka a 2021 da 2022, kuma suna aiki.” Na bayyana masa abin da nake gani. Kwalbar nan tana da tsada, daga waje za a riƙa shigo da ita, kuma kowace iri ɗaya take yi. Idan janareta ya tsufa ya koma ba ya ba da fiye da na mutum ɗaya, kwalba guda ta tafi a kan mutum guda. Miligiram ɗaya na garin PSMA-11 kuwa zai yi haɗi ɗaruruwa a kan allo, kuma allon da ya yi wannan zai yi DOTATATE na wasu sankarorin hanji da makamantansu. Ya ce wannan hujja ce a takarda, sai ranar da na nuna ma'aikacin asibiti zai iya sarrafa na'urar ba tare da ni a tsaye a kansa ba. Ban musa ba. Idan allon bai fi kwalba araha ba, ko ya fi ta wahala nesa ba kusa ba, ba shi da amfani ga kowa.

Mun daɗe a kan batun gida. Sassan likitancin nukiliya na Ibadan da Abuja da janaretan teknitiyom suke aiki, wanda uwarsa molibdinom-99 ke raguwa da rabi duk awa 66, don haka dole a yi ta shigo da sabo ba ƙaƙƙautawa, kuma jinkirin kwana biyu a filin jirgi asara ce babba. Janaretan galiyom sau ɗaya a shekara za a nemi izinin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, a shigo da shi. Injin nukiliyar bincike na Zariya, da ya fara aiki a 2004, ƙarami ne, ba don wannan aka yi shi ba, jamaniyom-68 ma a saikulotiron ake yinsa. A farkon 2025 ɗin nan mutumin Kano ko Sakkwato da likita ya ce ya yi hoton PET sai ya nufi Legas, ko Masar, ko Indiya, idan yana da hali. Na san iyalan da suka sayar da gona a kan wannan. Allona ba zai sayi na'urar PET ba, wadda ita ce babban kuɗin. Abin da zai iya yi shi ne duk ranar da aka kafa ta a Arewa, kada a ce sai an gina saikulotiron kafin a ɗauki mutum na farko.

Kafin mu yi sallama ya ce, “Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar dafuwa fa?” Na rubuta wannan a jerin gwaje-gwajen da ke gaba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Abubuwa sun lalace. Juma'ar da ta wuce haɗi ya ba da kashi 88, Litinin 61, jiya 43. Galiyom yana isowa allo lafiya, pH daidai, amma ba ya kamawa.

Zink na fara zargi. Galiyom-68 idan ya mutu zink-68 yake zama, kuma a cikin janareta yake taruwa idan an kwana biyu ba a tatsa ba. Na lissafa: hutun ƙarshen mako guda yana tara wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nanomol, ni kuwa PSMA-11 ɗina duka nanomol ɗaya ne. Na tatsa na zubar, na jira awa huɗu, na sake. Babu canji. Na narkar da sabon PSMA-11 daga firiza ko tsohon ya lalace. Babu canji.

Sai na koma gwajin ranar 29 ga Janairu: maikurolita 10 kai tsaye daga janareta, ba rezin, ba itanol. Kashi 97. Ke nan janareta lafiya, sinadari lafiya, allo lafiya. Ɓarnar tana tsakanin rezin da allo.

Yau da yamma na tura itanol mai asid ta cikin layin ba tare da radiyeshin ba, na ƙafar da shi a allo, na zuba masa PSMA-11 mai yawa, maikurogiram 20. Da na duba da tabarau a kan farar takarda, ɗigon ya yi ja-ja, kaɗan ƙwarai amma ba shakka. Hannun da ke kama galiyom yana kama baƙin ƙarfe da ƙarfi, kuma idan ya kama shi launin da yake bayarwa ke nan.

Na kwance layin gaɓa-gaɓa. Akwai ɗan bawul mai hana ruwa komawa baya a kan layin itanol mai asid, wanda kamfanin da ya sayar ya rubuta cewa duk inda ruwa ke taɓawa roba ce. Ma'aikacin ɗakinmu ya tsaga shi da zarto. A ciki ga ɗan sifirin na ƙarfe, ya yi baƙi, gefe ɗaya ya cinye. Makonni biyu asid yana lasarsa a hankali, kuma yana bayan matakin wanki, saboda haka babu abin da zai tare ƙarfen kafin ya isa ɗigo.

Litinin, 3 ga Maris

An fara azumi. Na mayar da tatsar zubarwa zuwa sassafe bayan asuba, ta aiki kuma kafin azahar. Sakamakon auna ƙarafa ya dawo daga sashen kimiyyar sinadarai: baƙin ƙarfen da ke cikin maikurolita 60 na tsohon layi ya ninka PSMA-11 ɗina. Kuɗin awon fam 120. Kamfanin ya karɓi ƙorafi, ya ce zai mayar da kuɗin bawul.

Alhamis, 6 ga Maris

Sabon layi ba bawul ɗin, haɗi ya koma kashi 96 zuwa 98.

Abin da ya faru ya sa na sake tunani a kan wani buri da na shigo da shi, na rage PSMA-11 iya ragewa. Galiyom ɗin da ke cikin MBq 400 bai wuce fikomol huɗu ba, don haka a lissafi ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da nake sawa ya isa. Amma ƙa'idar magunguna ta Turai ta yarda ruwan janareta ya ƙunshi baƙin ƙarfe har maikurogiram 10 a kowane GBq, wato MBq dubu, zink ma haka. Maikurogiram 10 na baƙin ƙarfe kusan nanomol 180 ne. Janaretoci masu kyau ba sa kusantar wannan iyaka, amma ta nuna irin girman abokan takarar. Rezin da ke tattaro galiyom yana tattaro har da su, kuma duk wanda ya rage sinadarinsa ya rage garkuwarsa. Na'urar da ƙurar ƙarfe kaɗan za ta kayar da ita ba za ta yi aiki a asibitin da ba shi da na'urar auna ƙarafa a ƙofar gaba ba. Na ɗaga zuwa maikurogiram uku. Har yanzu miligiram ɗaya zai yi haɗi fiye da 300.

Talata, 11 ga Maris

Sakamakon zoben Fabrairu ya zo: mSv 9 a yatsu (mSv ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha ne). Iyakar doka 500 ce a shekara, to amma jami'ar ta kira ni ofishinta. Ta ce da janareta sabo lambar nan za ta ninka wajen sau uku, kuma mai aikin asibiti kullum zai yi, ba sau biyu a mako ba. Gaskiyarta. Dalma mai kaurin milimita huɗu zuwa biyar rabin tartsatsin gama kawai take tarewa, kuma hannuna yana shiga bayan dalmar duk lokacin da zan ɗiga wani abu. An amince in sayi bawul mai zaɓen layi da kwamfuta ke juyawa da ƙananan bakunan ɗiga ruwa guda uku. Jimilla wajen fam 1,900, mafi tsadar abin da aka saya tun farkon aikin.

Juma'a, 14 ga Maris

Kayan ba su iso ba. Na rubuta manhajar da za ta tuƙa famfo da hita, na gwada da ruwa mai launi.

Laraba, 19 ga Maris

Haɗi cikakke daga janareta zuwa kwalbar ƙarshe, hannuna bai shiga akwati ba sai wajen ɗora allo da farko. Janareta ya ba da MBq 345. Yana raguwa kusan kashi bakwai cikin ɗari duk wata. Tatsa da kamawa a rezin minti huɗu, wanki ɗaya, sakkowa da ƙafarwa huɗu, dafuwa uku, tsotsewa da sirkawa da ruwan gishirin allura biyu, tacewa biyu. Minti 16, MBq 186 a kwalba, tsabta kashi 97, pH 5.5 bayan sirki. Ban bi ta matacin tsarkakewa na ƙarshe ba tunda tsabtar ta wuce 95, wannan ya cece ni minti biyar ko fiye.

Sai gwajin inganci. Takardun TLC biyu, ɗaya na galiyom da bai kama ba, ɗaya na wanda ya dunƙule. HPLC minti goma sha biyar. Gwajin gubar ƙwayoyin cuta, duba launi, gwada ko matacin bai fashe ba. Ko da na jera su a lokaci guda, minti 20 suka ci. Da aka gama saura MBq 152. Wato gwajin ya fi haɗin daɗewa, kuma na'urorin gwajin sun cika tebur biyu, alhali na'urar haɗin duka tana shiga jakar hannu.

Duk da haka 152 yana cikin abin da ake yi wa mutum guda, daga janaretan da ya haura wata goma sha biyar. Wannan ba na jikin mutum ba ne, ɗakinmu ba shi da lasisin yin magani, kwalbar tana can a bayan dalma tana mutuwa. Amma lambar da nake nema ke nan tun Janairu, kuma na gode wa Allah da na gan ta.

Talata, 25 ga Maris

Na maimaita haɗin a kwanakin nan, sakamakon yana tsakanin MBq 170 da 190 kafin gwaji. Samfurin ranar Laraba na bar shi awa 48 galiyom ya mutu gaba ɗaya, na auna abin da ya rage don ganin ko jamaniyom ya biyo ruwa. Iyaka kashi 0.001 cikin ɗari ce, namu yana ƙasa da haka sosai, rezin yana tare shi.

Asarar da ta fi ba ni haushi yanzu ita ce ta matacin tare ƙwayoyin cuta mai ramuka maikuromita 0.22: kashi goma cikin ɗari yana maƙalewa a fatarsa. Na yi odar iri biyu masu ƙaramin baki, kuma zan gwada jiƙa shi da ruwan gishiri mai ɗan itanol kafin tacewa.

Na kuma yi gwajin Malam. Na haɗa hita da famfo da bawul da kwamfutar a kan ƙaramin batir mai inbata, na zare filogin bango ana tsakiyar ƙafarwa. Duka ba su kai wat 100 ba, haɗin ya ƙare lafiya. HPLC da ma'aunin radiyeshin ba su shiga wannan gwaji ba, kuma su ne masu cin wuta.

Bayan Sallah aiki uku ne a gabana. Zan gajarta HPLC zuwa minti takwas da gajeren bututu, in ga ko ƙololuwoyin za su ci gaba da rabuwa. Zan fara DOTATATE, wanda dole sai an dafa shi sosai kusa da digiri 95, don haka matsalar ƙafewa za ta dawo. Sannan zan ba ma'aikacin ɗakinmu takardar umarni shafi ɗaya ya yi haɗin shi kaɗai ina waje. A yadda janaretan ke raguwa, idan mintunan gwaji suka tsaya yadda suke, zuwa ƙarshen Yuli abin da zai rage a kwalba zai faɗi ƙasa da MBq 111. Takardar neman kuɗin sabon janareta sai ta shiga kafin 30 ga Afrilu, shugabar ɗakinmu ta ce in kawo mata daftarin farko ranar Litinin ta sama.